Daga Ranar Daula zuwa Ɗaya ga Oktoba: Tarihin Faretin 'Yan Makaranta a Dambam da Ƙasar Katagum

A garuruwan arewacin Jihar Bauchi, tun daga Azare har zuwa Dambam da ke bakin iyaka da Jihar Yobe, bikin ranar samun 'yancin kai bai taɓa zama bikin kowa da kowa ba kamar yadda Sallah take, domin tun fil azal sha'ani ne na 'yan makarantar boko da malamansu da ma'aikatan hukuma, sauran jama'a kuwa 'yan kallo ne. Wannan ba ya rasa nasaba da hanyar da al'adar ta biyo ta shigo ƙasar, wato filin makaranta, inda Turawan mulkin mallaka suka fara jera yara sahu-sahu a gaban tuta, gwamnatocin da suka biyo bayansu kuma suka gaji tsarin ba tare da sun sauya masa siga ba. Saboda haka tarihin kishin ƙasa a zukatan matasan wannan yanki yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin makarantar kanta: ya faɗaɗa a lokacin da ta faɗaɗa, ya kuma tsuke a lokacin da ta sukurkuce.

Kafin zuwan Turawa, biyayyar talaka tana da fuska da suna, domin ya san sarkin da yake bi da ƙofar da yake kai gaisuwa. Malam Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, Misau kuma ta kafu a hannun Mamman Manga ɗan Gwani Mukhtar, yayin da Dambam, wadda ke tsakanin ƙasashen da ke bin Sakkwato da ƙasar Barno, take da nata sarki da jama'a gauraye, Barebari da Fulani da Karekare da Hausawa. Bayan da Turawa suka ci ƙasar a 1903, shekarar da Sarkin Misau Ahmadu ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi, sai aka yi ta yanka ana ɗinkewa: aka sanya yankin a ƙarƙashin Lardin Kano, aka haɗe Dambam da Misau a 1915, fadar Katagum ta ƙaura zuwa Azare a 1916, sannan a 1926 aka mayar da yankin baki ɗaya cikin Lardin Bauchi. Ke nan a cikin shekara ashirin da 'yan kai an sauya wa mutumin Dambam uban ƙasa fiye da sau ɗaya ba tare da an nemi jin ta bakinsa ba, kuma babu mamaki idan ya riƙa kallon duk wata sabuwar iyaka a matsayin lamarin masu mulki. Taron da ya sani na nuna biyayya shi ne hawan Sallah, inda hakimai da dagatai ke zuwa da dawakansu su yi jahi, wato su sako sukuwa su ja linzami a gaban sarki suna jinjina, samari kuma su shiga ayari a matsayin zagage ko 'yan baka ko masu riƙon doki.

Turawa sun zo da bukukuwa iri biyu, ɗaya na sarakuna, ɗaya na yara. Na sarakunan shi ne hawan daba, wanda suka kwaikwayo daga manyan tarukan da suka yi a Delhi ta ƙasar Indiya a 1877 da 1903 da 1911, inda aka tara sarakunan ƙasar domin su yi mubaya'a ga gadon sarautar Ingila; Gwamna Lugga kansa a Indiya aka haife shi, kuma ya yi aikin soja a can. A Arewa sai suka ɗora wannan tsari a kan hawan Sallah da suka tarar, aka yi daba a Kano a 1925 domin Yariman Ingila, aka yi wata a Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth. Na yaran kuwa shi ne Ranar Daular Birtaniya, wadda ake yi kowace shekara a ranar 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Victoria, kuma manufarta a fili take: a koya wa ɗan makaranta, ko a Landan yake ko a Legas ko a wani garin Arewa, cewa shi talakan sarki ɗaya ne da ke mulkin wata daula wadda ta game duniya.

Tsarin wannan rana bai da sarƙaƙiya. Ana jera ɗalibai a fili, a ɗaga tutar Ingila, a yi maci a wuce ta gaban Razdan ko Di'o, wato Baturen da ke kula da lardi ko yanki, tare da sarki ko hakimi, a karanta saƙon da ya zo daga sama, sannan a shiga wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, a rufe da ciye-ciye. Abin lura shi ne yaran da ake jerawa a irin waɗannan filaye a ƙasashen sarakunan Arewa 'yan ƙalilan ne ƙwarai, domin makarantun elementare na En'e, wato hukumar gargajiya da ke gudanar da mulkin ƙasa a ƙarƙashin sarki, ba su da yawa, kuma iyaye da dama suna ɓoye 'ya'yansu idan hakimi ya aiko a ba da yaran da za a kai boko. Yaron da aka kama aka kai, shi ne ya fara sanin akwai wata tuta ta ƙyalle da ake sara mata, da wata waƙa da ake ƙamewa idan ana rera ta, da wata rana da ake girmamawa wadda ba ta cikin lissafin watannin Musulunci. Ɗan'uwansa da ya tsira a gida ko a tsangaya bai san da wannan ba, kuma tun daga nan tsaga ta fara.

Sai dai makarantar da aka gina domin ta samar da malaman ofis masu biyayya ita ce kuma ta haifi waɗanda suka ce a ba su ƙasarsu. Yaron da ya yi fice a elementare a wannan yanki, Makarantar Midil ta Bauchi ce zangonsa na gaba, kuma a can ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar har ya zama shugabanta, a can ne kuma Malam Aminu Kano ya fara aikin koyarwa a farkon shekarun 1940, a daidai lokacin da Malam Sa'adu Zungur ke jagorantar zaman tattaunawa a garin, inda matasa 'yan boko suka fara yi wa Turawa da En'e tambayoyin da ba a saba ji ba. Amma kishin da waɗannan mutane suka tashi da shi bai tsaya a kan Nijeriya kai tsaye ba. Shahararriyar waƙar Sa'adu Zungur, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", makomar Arewa ce damuwarta, kuma a 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello sun ƙi amincewa da ƙayyade shekarar saboda tsoron kada a fita daga hannun Bature a faɗa hannun 'yan bokon Kudu, abin da ya jawo aka yi musu ihu a Legas, aka kuma yi tarzoma a Kano a watan Mayu na shekarar. Da Arewa ta tashi karɓar mulkin kanta, ranar 15 ga Maris 1959 ta zaɓa, ranar da Sakkwato ta faɗa hannun Turawa shekara hamsin da shida kafin nan, kuma wannan zaɓi ya nuna inda zuciyar shugabannin lokacin take: rana ce mai ma'ana ga duk wanda ya san tarihin daular Usmaniyya, alhali ɗaya ga Oktoba kwanan wata ne da aka daidaita a kansa a teburin shawara da Turawa.

A daren da ya wayi garin 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Tafawa Ɓalewa, aka ɗaga mai launin kore da fari da kore wadda wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana, Gimbiya Alexandra kuma ta miƙa takardun 'yanci ga Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, wanda ɗan Lardin Bauchi ne, abin da ya ba mutanen lardin wani dalili na alfahari da ba kowa ke da shi ba. A makarantu da dama a faɗin ƙasar an raba wa yara ƙananan tutoci da kofuna na tunawa da ranar, aka kuma dafa musu shinkafa da nama. Amma idan aka dubi sigar taron, za a ga tsohuwar Ranar Daula ce aka sauya mata tuta da kwanan wata: sahun nan ne, macin nan ne, babban baƙo a kan dandamali yana karɓar gaisuwa, taken ƙasa kuma da Turanci, wanda ma wata Baturiya ce, Lillian Jean Williams, ta rubuta baitocinsa. Hatta gurbin da tsohuwar ranar ta bari a ƙarshen watan Mayu bai daɗe a wofi ba, domin Ranar Yara ta 27 ga Mayu, wadda aka fara a shekarun farko na 'yancin kai, ta zo ta cike shi da irin faretin. Ga manomi kuwa, farkon Oktoba lokaci ne da damina ke ja da baya, gero ya nuna, hannu ɗaya ba abin yadawa ba ne a gona, don haka uban da ya bar ɗansa ya yi makonni yana atisayen maci a irin wannan lokaci ya yi sadaukarwar da ba a cika lissafawa ba.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya sa hukuma ta ɗauki cusa kishin ƙasa a matsayin aiki na gaggawa, kuma duk dabarun da ta fito da su matasa 'yan makaranta suka nufa. A ranar 22 ga Mayu 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ke tura duk wanda ya gama jami'a zuwa wata jiha da ba tasa ba na tsawon shekara guda, aka kuma yawaita kwalejojin gwamnatin tarayya da ke tara yara daga sassa daban-daban, waɗanda Azare ta samu ɗaya daga cikinsu. Shekarar 1976 ta fi kowace tasiri a wannan yanki, domin a cikinta aka fitar da Jihar Bauchi daga Jihar Arewa maso Gabas, aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kuma wajabta wa ɗalibai karanta alƙawarin biyayya ga ƙasa, wanda Felicia Adedoyin ta rubuta. Bayan shekara biyu, a 1978, aka sauya taken ƙasa da wanda 'yan Nijeriya suka tsara, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya sa masa kiɗa. A sakamakon haka ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka wayi gari da firamare, tutar da a da sai a ƙofar ofishin Di'o ake ganinta ta isa gaban ajin laka, kuma a karon farko ɗan talakan karkara ya shiga sahu.

Waɗannan shekaru, daga tsakiyar 1970 zuwa farkon 1980, su ne ganiyar fareti. Makonni kafin ranar ake fara atisaye, malamin wasanni ko wani tsohon soja da yaƙi ya sallamo yana ba da oda, ganga na bugawa, ana tace yara ana fitar da waɗanda ƙafarsu ba ta tafiya daidai da ta sauran, kuma fitar da yaro daga sahu abin kuka ne a gare shi. A jajibirin ranar a wanke kayan makaranta a sa musu bula, a goge da dutsen guga na gawayi, wanda ba shi da farin takalmi ya aro, a yi aski, 'yan mata su sha kitso. Da safe makarantun ƙauye su shigo hedikwatar ƙaramar hukuma, wasu a ƙasa, wasu a bayan akori-kura, a jeru a rana har shugaban ƙaramar hukuma da hakimi su iso, 'yan sanda su buɗe fage, 'yan sikawut su biyo, sannan makarantu ɗaya bayan ɗaya, kowace da allon sunanta a gaba. Alƙalai na zaune suna ba da maki, a ƙarshe a sanar da ta ɗaya da ta biyu da ta uku, a ba da kofi ko garkuwa, wadda hedimasta zai rataye a ofis har shekara ta zagayo.

A nan ne ya kamata a yi wa lamarin adalci. Abin da ke motsa yaron da ke buga ƙafa a wannan fili, a mafi yawan lokaci, kishin makarantarsa ne da na garinsu, da son kada 'yan makarantar ƙauyen da ke maƙwabtaka su ɗauke kofi, kalmomin taken ƙasa kuwa haddace su ya yi da ka, cikin harshen da bai gama fahimta ba. Duk da haka kuskure ne a raina abin, domin ta wannan hanya ce dubban yara suka fara jin cewa akwai wata mahaɗa tsakaninsu da wani yaro a Inugu ko Ibadan, wanda shi ma a wannan safiya yake tsaye a rana yana rera abin da suke rerawa, kuma malamin da ya koya musu waƙar sau da yawa ɗan hidimar ƙasa ne da ya zo daga can. Raunin tsarin yana gefen fili, inda almajirai da 'yan talla da yaran Fulanin daji ke tsaye suna kallo, ba su da sahu, ba su da allon suna, ba a kuma taɓa tanadar musu wata ƙofa ta shiga bikin ba, alhali a ranar hawan Sallah babu yaron da ake tambaya takardar makaranta kafin ya bi ayarin sarki.

Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya dabam. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da Samariya, tsohuwar ƙungiyar samarin gari mai sarkin samari da muƙarrabansa, aka mayar da ita ginshiƙin ayyukan ƙasa, aka kafa gasar kokawa ta ƙasa, aka kuma haɗa ranar 'yancin kai ta 3 ga Agusta da dashen itatuwa, ta yadda matashin da bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, yana da rawar da zai taka. Ba a rasa masu cewa dabara ce ta soja don riƙe jama'a, kuma akwai gaskiya a maganarsu, amma ta kai inda faretin Nijeriya bai kai ba. Indiya kuwa, wadda daga can aka aro hawan daba, ta riƙe faretin da ta gada ta kuma ƙawata shi da raye-raye da kayan al'adun jihohinta a bikin Ranar Jamhuriya na 26 ga Janairu, bikin da Shugaba Shehu Shagari ya halarta a matsayin babban baƙo a 1983.

A Nijeriya, hukuma ta ƙara matsa lamba a kan alamomin kishin ƙasa ne a daidai lokacin da abin hannunta ya fara ƙarewa. Gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ta ware wani mataki nasa musamman ga kishin ƙasa, inda aka riƙa tsare ma'aikata a ce su rera take ko su karanta alƙawarin biyayya, gwamnatin Babangida kuma ta kafa hukumar MAMSER a 1987 domin wayar da kan jama'a. Amma tsuke bakin aljihun da ya biyo bayan faɗuwar farashin man fetur, da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sun bar firamare da rufin da iska ta yaye da malaman da ke bin bashin albashi, littafi da abincin da a da ake ba ɗalibi kyauta suka zama labari. Yaron da aka ce ya yi alƙawarin bauta wa ƙasa da dukkan ƙarfinsa yana zaune a ƙasa ba benci, kuma iyayensa, waɗanda dama da ƙyar suka sallama shi, sun ga takardar ba ta ƙara kai mutum ga aikin gwamnati. Ranar ɗaya ga Oktoba kanta ta rage armashi bayan 1999, lokacin da 29 ga Mayu ta zama ranar miƙa mulki, ta ɗauke wani kaso na hankalin 'yan siyasa da kuɗin biki.

Abin da talauci ya rage, rashin tsaro ya ƙarasa. Bama-baman da suka tashi kusa da Dandalin Eagle a Abuja ranar 1 ga Oktoba 2010, ana tsakiyar bikin cika shekara hamsin, sun sa aka janye bikin ƙasa zuwa cikin fadar shugaban ƙasa na tsawon shekaru, jihohi da ƙananan hukumomi kuma suka samu hujjar taƙaita nasu. A watan Afrilu na 2011, a tarzomar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe kimanin matasa goma masu yi wa ƙasa hidima a Jihar Bauchi, ciki har da waɗanda aka hallaka a Giaɗe, kuma wannan ya kasance mummunan tabo ga shirin da aka kafa domin ɗan Kudu ya zauna lafiya a Arewa, ɗan Arewa ya zauna lafiya a Kudu. Iyaye da dama sun riƙa neman a sauya wa 'ya'yansu wurin hidima tun kafin su bar sansanin horar da su na Wailo. A ƙarshen 2014 bama-bamai sun tashi a Azare fiye da sau ɗaya, a ranar 10 ga Nuwamba na shekarar kuma ɗan ƙunar baƙin wake ya tarwatsa kansa a tsakiyar ɗalibai a wata makarantar sakandare ta Potiskum, wadda ke gaba da Dambam a kan babbar hanyar Maiduguri, a daidai lokacin da suka jeru domin taron safe, ya kashe fiye da arba'in. Daga wannan rana tara yara a fili ɗaya ya zama abin da hedimasta ke yi da fargaba.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, har wani ƙarni na ɗalibai ya tashi yana rera take ba tare da an karanta masa yadda ƙasar ta haɗu ba, sai a zamanin da Adamu Adamu, ɗan Azare, ke ministan ilimi aka sanar da dawo da shi a 2022. A watan Mayu na 2024 aka sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken 1960, wanda iyaye da malaman yau ba su taso da shi ba, aka wayi gari malami da ɗalibi suna koyonsa tare daga wayar hannu. Bayan wata biyu, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, an ga matasa a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha a kan titi, har aka kama teloli da ake zargi da ɗinka ta, a Azare kuma al'amarin ya kai ga gwamnatin jiha ta sanya dokar hana fita a Ƙaramar Hukumar Katagum. Da shekara ta zagayo, gwamnatin tarayya ta soke faretin cikar Nijeriya shekara sittin da biyar ana saura kwanaki kaɗan a yi shi, ta bar ranar a matsayin hutu da jawabin shugaban ƙasa.